Ɗango Na Tara

Masu turo mini saƙo kuna cewa na cika tsoro, wai wace mace ce za ta samu namiji kamar Kailani ta tsaya ƙidayar gaɓoɓin waƙa, to ku gyara zama. Yau zan gaya muku abin da ƙidayar ta tono mini. In kun kai ƙarshe sai ku sake kira na matsoraciya, ba zan yi fushi ba.

Ga waɗanda suka tarar da mu a hanya: ni ce Bahijja, autar Malam Nagoda mai gyaran agogo a Tudun Wadan Zariya. Ina shekarar ƙarshe a sashen Turanci, kuma aikin kammala karatuna a kan wata tsohuwar waƙar Ingilishi ne mai ɗango goma sha huɗu, ba ƙari ba ragi. Aka ce in feɗe ta, in faɗi karinta, da amsa-amonta, da yadda aka gina ta. Ni da na shiga sashen don in iya magana ta hanci in burge ƙawaye, sai ga ni ina zufa a kan layuka sha huɗu har wata biyu.

Matsalar kuwa ita ce kunnena. A waƙarmu ta Hausa gaɓa doguwa da gajera ake aunawa, tun muna goye muke jin ta a bakin iyaye. Su kuwa ba ruwansu da tsawo, inda murya ta danna suke ƙirgawa. Kowane ɗango gaɓa goma ne, an jera su bibbiyu, ta farko a sassauta, ta biyu a danna. Danni biyar ke nan, sannan a numfasa. A takarda na haddace wannan tsaf, amma da na buɗe baki sai ya fito kamar tallan gyaɗa.

A wani shagon kwafar takardu a unguwar Kongo, nan Zariya, na haɗu da Kailani. Farar shadda ce a jikinsa, guga ta kama ta har tana ɗaukar ido, ga hula zanna kalar toka, ga wani turare mai sanyi da ba ya shiga hanci da ƙarfi. Ya leƙa takardar hannuna ya yi murmushi.

"Da ido kike karanta ta, shi ya sa ta ƙi ki," ya ce. "Da yatsa ake karanta irin wannan."

Ya ɗora hannu a kan murfin injin, ya fara: ɗan taɓi da yatsan tsakiya, sannan bugu da babban yatsa. Taɓi, bugu. Taɓi, bugu. Sau biyar, ya tsaya. Wallahi a take na ji abin da malamai uku suka kasa jiyar da ni. Ya ce ya taɓa koyarwa a can baya, yanzu aikin ofis yake yi, yana zaune a Hanwa. Ni da bakina na karanto masa lambata, ba wanda ya sa ni.

Daga nan ya kafa mini ƙa'ida. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci zai turo saƙon murya: ɗango ɗaya, ya karanta shi yana bugun tebur, ya bayyana mini shi. Ba ya haɗa biyu ko da na yi magiya. Ya ce waƙa kamar tuwo ce, loma-loma ake ci.

Makonni takwas na farko, jama'a, na sha zuma. Ɗangwaye takwas na farko yabo ne zalla, mawaƙin yana kwarzanta wata mace, ƙarshen ɗango na ɗaya yana amsa na uku, na biyu yana amsa na huɗu, kamar mata biyu suna daka a turmi guda. Kailani yakan ƙarasa da cewa, "Ke aka rubuta wa, marubucin ne kawai ya riga ki zuwa duniya." In kwanta a katifa in yi ta juyi ina dariya ni kaɗai. A mako na biyar ya zo ya gaishe da Baba a zaure, suka shafe awa guda suna tattauna karin ƙasidun Larabci. Baba ya shigo gida yana cewa yau ya ga ɗan boko mai kunne.

A ɗango na tara irin wannan waƙa take juyawa, duk littafin da ka buɗe zai gaya maka haka. Yabo ya ƙare, mawaƙin ya fara cewa idon duniya bai cancanci ganin wannan mace ba. A makon ne Kailani ya ce in goge lambobin mazan ajinmu. A na goma ya ce in ba shi lambobin sirrin wayata, tunda babu ɓoye-ɓoye tsakanin masoya. A na sha ɗaya ya ce jan mayafina yana jawo ido, na ninke shi na kai ƙasan akwati. A na sha biyu ya fara cewa in turo hoton duk inda nake. Duk na yi, kuma ina jin daɗi, ina ce wa kaina kishi kumallon mata ne amma ashe maza ma suna taɓawa. Kada ku zage ni, na riga ku.

A na sha uku ya ce iyayensa za su zo ranar Asabar ta mako mai zuwa neman aurena. Sannan ya sassauta murya.

"Na sha huɗu ba a tura shi ta waya, Bahijja. Ɗangwaye biyun ƙarshe amsa juna suke yi, kamar ƙofa da makullinta. Daga bakina za ki ji shi. Ranar Juma'a bayan La'asar zan zo in ɗauke ki, ki ga gidan da na kama mana a Dutsen Abba, ki zaɓi kalar fenti. Ki ce wa Inna Kongo za ki je buga aikinki."

Na ce to. Har na ware doguwar rigata ruwan ƙasa na goge ta na rataye.

Akwai mutum ɗaya a gidanmu da ban cika ba ku labarinta ba, saboda mu ma a gidan ba mu cika yi ba. Yaya Ishatu. Shekara takwas ke nan da aka ɗauko ta daga kwalejin da take karatu a wani gari, a kwance a bayan mota, ni lokacin ina aji biyu a sakandare. Ta yi sati uku a asibiti. Inna ce kaɗai ta san abin da likita ya ce, kuma har yau ba ta furta ba. Yaya ta warke a jiki, amma ba ta koma makaranta ba, ba ta fita ko ƙofar gida, maganarta ba ta wuce "to" da "a'a" da "na ƙoshi." Abu ɗaya take yi: in ta zauna, yatsunta suna bugun duk abin da ke kusa, bayan faranti ne, ƙafar gado ce, ko gwiwarta. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, an sha rubutu. Daga baya muka saba da shi kamar yadda muka saba da ƙarar agogunan Baba. Mun daina ji.

Ranar Laraba na kai wa mai duba aikina babi na uku. Dakta Nneamaka haifaffiyar Sabon Gari ce, Hausa a bakinta kamar jakin Kano, kuma ba ta da wasa in ta ɗora gilashi a karan hanci. Ta bi alamomin da na yi a saman gaɓoɓi da jan biro tana gyaɗa kai, sai ta tsaya cak.

"Bahijja, karanta mini na tara."

Na karanta yadda Kailani ya koya mini, ina bugun teburinta. Taɓi bugu, taɓi bugu, sai in ɗan dakata a tsakiya, in buga sau biyu a jere da ƙarfi, sannan in ƙarasa.

"Nawa kika ƙirga?"

"Shida, Dakta. Ai a nan waƙar ta juya, shi ne mawaƙin ya ƙara danni ɗaya don zuciya ta yi tuntuɓe."

Ta cire gilashin ta dube ni. "Magana mai daɗi, amma ba haka ba ne. Biyar ne, kamar sauran. Kalmar tsakiyar nan ba a danna ta, ƙaramar kalma ce, haɗi kawai take yi. Shekara ashirin da biyu ina koyar da waƙar nan, ban taɓa ganin littafin da ya ce shida ba. Wannan ba kuskuren littafi ba ne, daga bakin wani kika ɗauko shi. Wa ya koya miki?"

"Wani ne... ɗan uwa."

"To ki ce wa ɗan uwan naki ya yi ƙari a abin da ba nasa ba. Je ki gyara."

Na fito raina a ɓace, ba da Kailani ba, da ita. A cikin keke har ina tsaki, ina cewa tsohuwa ta ga an fi ta fahimta. Kailani ya turo saƙo: *Kina ina?* Na ɗauki hoton bayan mai keken na tura. Ya amso: *Yarinyar kirki.*

Ranar Alhamis gidanmu ya koma kamar gidan biki. Gwaggo Hajo, ƙanwar Baba, ta iso tun da hantsi da ƙullin kayanta, aka kafa kasko a gindin gwaiba ana suyar alkaki da cincin. Inna ta sa an wanke manyan kuloli, an shanya sabuwar darduma a kan igiya. Baba kuwa ya riga ya gaya wa liman da mai unguwa da duk wanda ya kawo gyaran agogo a makon.

"'Yar nan, kin wanke mana fuska," Gwaggo ta ce tana juya matsami. "Gidan nan shekara nawa rabonsa da guɗa? Mutane har sun fara cewa baki aka yi mana."

Inna ta ɗan saci kallon ɗakin Yaya, ta ce, "Hajo, bar wannan maganar." Sannan ta juyo gare ni, idonta ya kawo ruwa. "Ke dai ki kama kanki har Asabar. Kada in ji, kada in gani. Zuciyata ba za ta ɗauki na biyu ba."

Na ce, "In sha Allahu, Inna." Rigar da zan sa in yi mata ƙarya tana rataye a bayan ƙofata.

Bayan Azahar na shimfiɗa tabarma a baranda na buɗe babin da aka ce in gyara. Yaya Ishatu tana zaune a bakin ƙofarta da farantin shinkafa a cinya, an ba ta tsinta. Hijabinta toka-toka ne wanda ya koɗe a kafaɗa. Ta gama tsintar, hannunta ya koma gefen farantin. Ni kuma wata uku ke nan ina horar da kunnena, ya zama ko famfo ne yake ɗiga sai na ƙirga. Ban yi niyya ba, kawai na ji kaina ina bi.

Taɓi, bugu. Yatsan tsakiya, sannan babban yatsa. Sau biyar. Ta tsaya kamar mai numfashi. Ta sake, sau biyar.

Na ajiye biro. Na ce a raina, Bahijja, karatu ya fara taɓa miki kai, kowa ma zai iya buga biyar. Amma na ci gaba da ƙirgawa a yatsun ƙafata. Na uku. Na huɗu. Man kasko yana ta ƙara, Gwaggo tana ba Inna labarin wata kishiyar maƙwabciyarta, ni kuwa duniyar ta rage mini saura gefen farantin nan. Na bakwai. Na takwas.

A na tara ta buga biyu, ta dakata a tsakiya, ta buga sau biyu a jere da ƙarfi, sannan ta ƙarasa. Shida.

Ta ci gaba har sha uku, a nan hannunta ya tsaya a sama, bai sauka ba. Can sai ta koma farko. Na zauna na ƙirga sau uku, kuma sau ukun duk haka: shida a na tara, tsayawa a sha uku. Shekara takwas yayata tana karanta waƙa a gabanmu, mu muna ƙona mata hayaƙi.

Ban iya cin abincin dare ba. Washegari Juma'a na yi ta kewaye ɗakinta kamar kazar da ke neman wurin ƙwai, ina tsoron in tambaya, ina tsoron kada in tambaya. Sai da aka yi kiran La'asar, su Inna suka shiga salla, na tura ƙofarta. Ɗakin yana warin man zafi da tsofaffin littattafai. Tagarta ɗaya, mai koren labule, tana kallon layi daidai inda masu zance suke tsayawa da mota. Tana zaune a bakin gado.

Na durƙusa a gabanta, na ɗora hannu a kan katakon gadon, na buga ɗango na tara yadda aka koya mini, da dakatawar da bugu biyun.

Ta ɗago kai. Rabon da Yaya ta kalle ni cikin ido har na manta.

"Wa ya koya miki?" Muryarta ta fito a dishe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Kailani, Yaya. Wanda iyayensa za su zo gobe."

"Ban san Kailani ba."

Na buɗe wayata na danna saƙon muryar mako na tara. Kalma uku kawai ya faɗa ta fizge wayar ta kife ta a kan katifa.

"Malam Salmanu," ta ce. "Salmanu Kailani. Kailani sunan babansa ne." Ta riƙe wuyan hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba. "Na nawa ya kai da ke?"

"Sha uku."

"Ya ce na ƙarshen ba a tura shi? Ya ce sai daga bakinsa?"

Na gyaɗa kai, hawaye suna zuba a kan hannunta.

"Ya ce iyayensa za su zo washegari?"

"Yaya, har an soya alkaki."

"Ni ma ya ce za su zo. Ni takarda yake ba ni duk Juma'a bayan darasi. Na bi shi in ga ɗakin da ya kama mana." Ta saki wuyan hannuna. "Ya kulle ƙofa, Bahijja. Ya karanta mini na sha huɗun bayan ya kulle. Babu wanda ya zo washegari. Da na gane halin da nake ciki na je masa, ya ba ni wasu ƙwayoyi ya ce na ciwon kai ne. Kafin in fito daga asibiti ya bar makarantar."

"Me ya sa ba ki faɗi sunansa ba?"

"Wa zan gaya wa? Baba? Ya ɗaga kai a masallaci da me?"

Na kifa kaina a cinyarta na yi kukan da ban taɓa yi ba. Kunya ce ta fi yawa a ciki, ba zan ɓoye muku ba. Wata uku ina wuce ƙofar nan da waya a kunne ina murmushi, ina sauraren muryar da ta kashe mata rayuwa. Kuma ina son shi, jama'a, har a wannan lokacin wani ɓangare na zuciyata yana neman hanyar da zai zama ba shi ba ne.

Wayar ta yi motsi a kan katifa. *Na iso. Ina bakin layi. Kin sa mai ruwan ƙasar?*

Na goge fuska, na rubuta: *Ba zan zo ba. Kuma kada kowa ya zo gobe.* Na tura kafin zuciyata ta canja.

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Sai ga saƙon murya, daƙiƙa goma sha ɗaya. Yaya ce ta miƙa yatsa ta danna.

Muryarsa a natse take, har da ɗan murmushi a ciki. "Taga mai koren labule. Tun ranar da na fara tsayawa a ƙofar gidanku na ji ta tana bugawa. Ki ce mata na ji daɗi, ɗalibata ba ta manta ba."

Ashe ya sani. Tun mako na biyar ya sani, ya zauna a zaurenmu ya sha zoɓon Inna, ya yi hira da Baba, bango ɗaya tsakaninsa da ita.

Na miƙe zan nufi wajen Inna. Ta tagar na ji an rufe ƙofar mota, na ji takun takalmi ya wuce mu ya shiga zaure, na ji sallama cikin ladabi. Sai muryar Baba, cike da fara'a, ta ratso tsakar gida.

"Bahijja! Kawo wa baƙo ruwa, Malam Kailani ne ya biyo gaishe ni."

Na dubi Yaya. Hannuwanta biyu suna kan gwiwarta, a kwance, ko motsi babu. Tun da aka dawo da ita gidan nan ban taɓa ganin su haka ba. Ta tashi a hankali, ta gyara koɗaɗɗen hijabinta, ta zura silifas ɗina da ke bakin ƙofa. Ta fita tsakar gida ta ɗauki tire, ta ɗora jug da kofi, Inna da Gwaggo suna kan darduma sun saki baki suna kallon ta.

"Ishatu, ina za ki?" Inna ta ce.

"Zaure," Yaya ta ce. "Zauna, Bahijja. Ni zan kai masa, a gaban Baba."